In sabunta katin kulob ɗin karaban, ko in haƙura haka?

Abban Khalil (Leeds):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema daga masu karaban a cikinmu mazauna Birtaniya, na san ba a rasa mutum huɗu ko biyar. Shekaranjiya saƙon sabunta katin kulob ya shigo mini, ƙarshen wata za su cire kuɗin daga banki. Tun 2021 da muka sayi karaban ɗin nake biya, ban taɓa zama na yi lissafi ba sai daren jiya. Shekarar farko mun kwana dare 31 a waje. Bara dare 9 kacal.

Kuɗin katin fam 60 da ɗoriya ne, ba shi ne ya tsaya mini a rai ba. Abin da ya dame ni, ko da katin a hannu, dare ɗaya a babban filin kulob lokacin hutun makaranta, mu biyu da yara uku, yana haura fam 50. Ga kafin alƙalami da ake karɓa tun lokacin kama wuri, ga farashi yana hawa in masu nema sun yi yawa. To mene ne katin yake tsinana mini? Ina son gaskiya, ba lallashi ba.

Injiniya Bashir (Coventry):
Wa alaikumus salam. Abban Khalil, dare 9 ɗin nan a ina da ina kuka yi su? Amsar tana nan. Wanda ba shi da kati, in ya je babban filin kulob, ana ƙara masa fam goma sha wani abu kowane dare. Ka ga dare biyar ko shida sun mayar maka da kuɗin katin. In kuwa rabin kwanakin a filayen 'yan kasuwa kuka yi, katin yana kwance ne a aljihu.

Abban Khalil (Leeds):
Dare 4 a babban fili kusa da Keswick, dare 3 a wata gona a Northumberland, dare 2 a filin 'yan kasuwa a bakin teku wajen Whitby.

Injiniya Bashir (Coventry):
To kana kan iyaka. Dare huɗun farko sun kusa biyan katin. Ukun gonar kuma da ba ka da kati da ba ka shiga ba sam.

Sadiq (Glasgow):
Ku yi haƙuri manya, wata biyar ke nan da zuwana karatu. Da na ga ana maganar karaban na ɗauka ayari ake nufi irin na fatake. Mene ne shi, kuma me ya haɗa shi da kulob?

Baba Alhaji (Manchester):
Sadiq ɗana, ba ka yi nisa da gaskiya ba, kalmar a Turanci tana ɗaukar ma'anar ayarin ma. Amma a ƙasar nan in an ce karaban, ɗaki ne mai taya da ake ɗaurawa a bayan mota a ja. Akwai gado, murhun gas, ƙaramin firji, bayan gida, wani har da wurin wanka. Tafi-da-gidanka na gaske. Ba a yarda ka tsaya ka kwana duk inda ka ga dama ba, sai ka nemi zango. Ni haka nake kiran filayen nan, zango, don aikinsu ɗaya da wanda kakanninmu suke sauka a hanyar Gwanja.

Manyan kulob biyu ne. Akwai Caravan and Motorhome Club, an kafa shi a 1907, da can sunansa Caravan Club kawai, sai 2017 suka ƙara masa suna saboda yawan masu mota mai ɗaki. Akwai kuma Camping and Caravanning Club, shi ya girme shi, tun 1901, hedikwatarsa na nan Coventry inda Injiniya yake. Kowanne yana da manyan filayensa, yana kuma da ƙananan zangon manoma da sai ɗan kulob ke shiga.

Sadiq (Glasgow):
Na gode Baba. Allah ya ƙara girma.

Dakta Zainab (Hull):
Abban Khalil, ka ce gaskiya kake so. Ni na soke nawa shekara biyu da suka wuce, kuma ban yi da-na-sani ba ko sau ɗaya. Da can kulob shi ne hanyar sanin inda filaye suke, littafinsu ne taswirar kowa. Yanzu in na buɗe manhajar Pitchup a waya ina ganin filaye birjik, da hotuna, da ra'ayin waɗanda suka kwana, da farashi a fili. Ba wanda ya ɗaure ni.

Abin da na lura da shi a kaina shi ne, katin yana sa mutum ya ji dole ya je filin kulob don kar kuɗinsa ya tafi a banza. Sai ka biya fam 50 a dare don ka ceci fam goma sha, alhali mil uku gaba akwai fili mai tsabta a fam 30. Wannan ba rangwame ba ne. Kuma aikina na asibiti ba ya barina in kama wuri wata shida kafin lokaci. Ranar da jadawali ya fito nake sanin ko ina da hutun ƙarshen mako, lokacin kuwa wurare masu kyau duk sun cika.

Maman Ummi (Birmingham):
Anti Dakta, ban yarda da ke ba a nan, ki yi haƙuri. Kowa yana ta lissafin manyan filaye, ni kuwa ba don su nake biya ba. Rabona da babban fili tun kafin a haifi autana. Don ƙananan gonakin nan nake riƙe da kati, masu ɗaukar karaban biyar kawai.

Bari in faɗa muku abin da namiji ba lalle ya lura da shi ba. A babban fili tsakaninki da maƙwabci mita 6 ne, gaba mutane, baya mutane. Daga fitowa ƙofa sai da hijabi, ko shanya zan yi. 'Yan matana biyu sun girma, su ma haka. Hutun sai ya koma zaman ɗaki, gara ma gida. Amma akwai wata gona da muke zuwa a kan iyakar Ingila da Wales, wajen Shropshire. Fili ne babba, shinge na itatuwa ya kewaye shi, tumaki a gefe. Sau da yawa mu da wasu tsofaffi biyu ne kawai, su can ƙarshe mu nan ƙarshe. Muna kafa rumfa mu juya ta wajen shinge, mu shimfiɗa darduma a kan ciyawa, Abban Ummi ya ja mu sallah a fili, ba mai kallonmu. Yara su yi ta gudu har magariba. Matar mai gonar ta san ba ma cin alade, ƙwai take kawo mana da safe. Shekara huɗu muna zuwa.

Wannan gonar ba ta kan kowace manhaja. Sai ka ba da lambar katinka kafin ta karɓe ka. To ni fam 60 a shekara kuɗin mabuɗin wannan ƙofar ne, kuma da ninki biyu ne zan biya.

Dakta Zainab (Hull):
Na ji ki Maman Ummi, kuma batun sutura gaskiya ne. Amma akwai ƙananan gonaki a manhajar ma, na kwana a da yawa.

Maman Ummi (Birmingham):
Akwai, amma ba su da iyakar biyar. Mun taɓa kama wata da aka rubuta ƙaramar gona ce mai shiru. Muka isa daren Juma'a muka tarar da tantuna sun fi talatin, ana kiɗa ana shaye-shaye har ƙarfe ɗaya. Da asuba muka naɗe kayanmu.

Baba Alhaji (Manchester):
Iyakar biyar ɗin nan ba son ran kulob ba ne, doka ce. Akwai dokar filayen karaban ta 1960, ita ta ce duk mai son buɗe fili sai ya nemi lasin daga ƙaramar hukuma. Amma ta ware wasu ƙungiyoyi ta ba su ikon ba manomi takardar shaida ya karɓi karaban har biyar ba tare da wancan lasin ba. In ya wuce biyar ya fita daga inuwar dokar. Shi ya sa manomin ba ya wasa da adadin, kuma kulob yana turo mai dubawa. Kulob na farko yana kiran nasa CL, sun fi 2,000. Na biyu yana kiran nasa CS, sun fi 1,000, su kuma suna karɓar tantuna ma. In shiru kake nema ka lura da wannan bambancin kafin ka zaɓa.

Na fara jan karaban yarana suna firamare, yanzu jikoki nake ɗauka. A tsawon lokacin nan na ga manyan filaye sun koma kamar otal, kwalta da tsakuwa da shingen lantarki a ƙofa. Gonakin ne ba su canza ba. Famfo ɗaya, ramin zubar da akwatin bayan gida, wani wurin da wuta wani babu. Ka je da butarka, ka je da tukunyar gas ɗinka cike.

Nura (Landan):
Ni fa ina ganin ana kewaye-kewaye. Yaya Abban Khalil, tambayar ba ta kati ba ce. Daga dare 31 zuwa dare 9, maganar karaban ɗin ce gaba ɗaya. Nawa kake biya wurin ajiya? Nawa sabis na shekara da gwajin danshi? Nawa inshora? Ka haɗa ka raba da 9 ka gani.

Ni abin da ya faru da ni ke nan. Motar da nake ja da ita tsohuwar dizal ce. Da aka faɗaɗa ULEZ, harajin motoci masu yawan hayaƙi, ya game duk Landan a watan Agusta 2023, kullum na motsa ta fam 12.50. Na canza zuwa ƙaramar mota, ita kuma ba ta da nauyin jan karaban. Ya zauna a wurin ajiya wata goma sha huɗu ina biya, da na je buɗewa danshi ya ci bangon baya. Na sayar da asara. Da na yanke shawara da wuri da ban yi wannan asarar ba.

Abban Khalil (Leeds):
Nura ka taɓo inda yake mini ciwo. Ajiya fam 480, sabis wajen 250, inshora kusan 200. In na haɗa da kati ya kusa dubu kafin taya ta juya. A dare 9, ya fi fam 100 kowane dare, ban sa kuɗin fili da mai ba. Na ga lissafin jiya, na rufe takardar.

Injiniya Bashir (Coventry):
Ka ga kenan katin shi ne mafi ƙanƙanta a jerin. Ko ka soke shi, fam 930 na nan suna jiranka.

Amma kafin ka taɓa komai duba abu ɗaya: inshorar karaban ɗin da ta ɗaukar mota in ta lalace a hanya, ta hannun kulob ka yi su? Kulob na farko yana da Mayday, na biyu yana da Arrival tare da kamfanin RAC, kuma duka na 'yan kulob ne. In ka soke kati kana iya wayar gari ba ka da su.

Kuma kar ka ɗauka kowace inshorar hanya ce ke ɗaukar karaban. Kafin in shiga kulob, mota ta mutu mini a babbar hanyar M6 muna dawowa daga Lake District, yamma ta yi, ana yayyafi. Kamfanin da nake da su a lokacin suka zo suka ce mota za su ɗauka, karaban ɗin tsawonsa ya wuce abin da ke cikin yarjejeniyata. Iyalina suna tsaye bayan ƙarfen gefen hanya, manyan motoci suna wucewa suna girgiza mu. Sai da na nemo wani mai ɗauka na biya daga aljihu, kuɗin ya fi na kati na shekara huɗu. Tun ranar ba na sa hannu sai na karanta layin da ya yi maganar abin da ake ja.

Abban Khalil (Leeds):
Subhanallah. Ta ɗaukar motar ta hannun kulob ce. Wallahi ban kawo wannan a raina ba.

Dakta Zainab (Hull):
Wannan hujja ce mai ƙarfi, na yarda. Ni sai da na nemi wata daban kafin in soke, kuma na kira su na tabbatar da tsawo da nauyi. Ana samu, amma sai ka zauna ka yi aikin.

Hauwa (Leicester):
Mu rangwamen jirgin ruwa ne ya ja mu muka shiga. Muna ta burin mu tsallaka daga Dover zuwa Calais, awa ɗaya da rabi, mu zaga Faransa. Sai muka tuna fasfo ɗinmu kore ne. Mu biyar kowa sai ya nemi bizar Schengen, babba Yuro 90, ga neman ranar ganawa, ga takardar shaidar inda za ka kwana kowane dare. Duk daɗin karaban shi ne ka tashi lokacin da ka ga dama, biza kuwa tana son jadawali. Shekara uku muna biyan kati ba mu tsallaka ba. Wanda bai karɓi fasfon Birtaniya ba tukuna, kar ya sa wannan rangwamen a lissafinsa.

Baba Alhaji (Manchester):
Gaskiya ne Hauwa. Mai fasfon Birtaniya ma yanzu kwana 90 ne cikin 180 tun da aka fita daga Tarayyar Turai, amma wannan ya ishi mai hutu.

Sadiq (Glasgow):
Baba, a nan Scotland na ji ana cewa doka ta yarda mutum ya kwana a daji ko'ina kyauta. Ba sai a zo nan a huta da biyan kulob ba?

Injiniya Bashir (Coventry):
A'a Sadiq. Dokar 2003 da ake magana ta mai tafiya da ƙafa ce ko keke da ɗan tantinsa, ba ta shafi abin hawa mai inji ba. Mutanen ƙauyukan da ke kan hanyar NC500, mai zagaya arewacin Scotland, sun sha kuka da masu tsayawa barkatai suna zubar da ƙazanta. Kar mu shiga cikinsu, mu da ake gane mu daga nesa.

Sadiq (Glasgow):
Na fahimta. Lasin mota na yau da kullum ya isa a ja?

Injiniya Bashir (Coventry):
In cikakken lasin Birtaniya ne, tun 16 ga Disamba 2021 an cire jarrabawar ja ta daban a Ingila da Wales da Scotland, kana iya jan har kilo 3,500 in motarka ta isa. Amma cire jarrabawa bai koya wa kowa ja ba. Gudu mil 60 a babbar hanya, 50 a ƙarama, ba ka shiga layin ƙarshe na dama in layi uku ne, kuma sai da ƙarin madubi. Sabon shiga ana ba shi shawara kar nauyin karaban da kaya ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar. Kulob ɗin biyu duka suna koyar da jan karaban da yin baya da shi, ni can na koya, kuma wannan ma yana cikin abin da nake ganin amfaninsu.

Maman Khalil (Leeds):
Assalamu alaikum. Ina ta karantawa tun ɗazu daga wurin aiki, bari in sa baki tunda gidana ake magana.

Abban Khalil, dare 9 ɗin ba don mun daina so ba ne. Khalil yana shirin jarrabawar sakandare ta GCSE bara, duk hutun Ista da na Mayu a kan littafi ya yi su. Ba ma iya fita lokacin karatu, tarar fashin makaranta yanzu fam 80 ce kan kowane yaro kan kowane mahaifi. Da babban hutu kuma mun je gida duba Hajiya sati uku. Ina ragowar kwanakin da za mu fita? Shekara ɗaya ce ta zo a haka.

Kuma ka tambayi yaran wanne suke tunawa. Ba sa maganar Keswick, duk da tsadarsa da bayan gida mai ɗumi. Gonar Northumberland suke magana, ranar da muka tafi Bamburgh muka dawo ka gasa mana tsire a bakin rumfa, Amira ta ga taurari ta ce ashe haka suke da yawa kamar na Malumfashi. Dare ukun nan gaba ɗaya ba su kai kuɗin dare ɗaya da rabi na babban fili ba. Ni abin da nake gani, ba katin ne matsala ba, inda muke kai shi ne. Mu daina zuwa manyan.

Maman Ummi (Birmingham):
Allah ya yi miki albarka 'yar'uwa. Abin da nake ta faɗa ke nan.

Nura (Landan):
Anti, ina girmama maganarki. Amma ni ma haka na riƙa cewa, shekara ɗaya ce, baɗi za mu fita. Bana Khalil ya shiga aji na gaba, baɗi waccan jarrabawar A-level, bayansa ƙanwarsa ta taso. Yara in sun kai sha shida ba sa son kwana a gado mai hawa biyu kusa da iyayensu. Ku sa wa kanku adadi tun yanzu, in ba ku kai ba ku sayar tun yana da daraja.

Maman Khalil (Leeds):
Wannan gaskiya ce Nura, ban ƙi ba. Khalil ya riga ya fara cewa shi tanti yake so a gefe.

Baba Alhaji (Manchester):
To in tanti zai kafa, ku tambayi mai gonar tun kafin ku tafi, ba kowace ke yarda ba. In ya zama dole, ku duba ɗaya kulob ɗin. Ba aure aka ɗaura muku da wannan ba.

Dakta Zainab (Hull):
Ni har yanzu ina kan bakana ga mai irin aikina. Amma ga iyali mai 'yan mata da ke neman wurin sakewa, na ga abin da Maman Ummi take nufi. Ki turo mini sunan gonar ta gefe in ba damuwa, ina so in gani da idona.

Maman Ummi (Birmingham):
Zan turo, amma sai kin sake yin kati fa Anti, ba za ta karɓe ki haka ba.

Abban Khalil (Leeds):
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Mun yi magana da Maman Khalil a waya yanzu. Zan bar su su cire na bana, saboda inshorar hanya da gonakin. Amma da sun cire zan kashe cirar kai tsaye daga banki, baɗi sai na biya da hannuna. Mun sa adadi kamar yadda Nura ya ce: dare 20 kafin ƙarshen Oktoba, babban fili bai wuce sau ɗaya ba. In ba mu kai ba, za mu sa shi a kasuwa da bazara.

Injiniya, wane gwajin danshi kake yi, na wurin sabis kawai ko kana da na'urar hannu? Maganar Nura ta tsorata ni, tun Satumba ban buɗe shi ba.

Injiniya Bashir (Coventry):
Ina da ta hannu, ba ta da tsada, amma ba ta maye gurbin ta masu sabis. Ka je ranar Asabar ka buɗe duk akwatunan sama, ka shinshina, ka danna bango kusa da tagogi da kusurwoyin baya. In ka ji laushi kar ka jira.

Maman Ummi (Birmingham):
Maman Khalil, hutun ƙarshen Mayu muna Shropshire in sha Allah. Na kira matar yanzu, ta ce saura wuri biyu. In kuna so ku kama yau. Naman zan taho da shi daga Alum Rock, ke ki zo da yajin.

Maman Khalil (Leeds):
Turo mini lambarta. Dare nawa za ku yi?

Maman Ummi (Birmingham):
Huɗu, Litinin zuwa Juma'a. Ku taho da doguwar wayar wuta, wurin jonawar yana can bakin ƙofar gona.